Kusurwar da Tsawa Ya Ɗaure da Hannunsa

A wajen aikin ginin wani bene mai hawa takwas, an yi wani shugaban masu ɗaurin kaya da kowa ke kira Tsawa. Ba sunansa na yanka ba ne, ma'aikata ne suka laƙaba masa a bayan idonsa har ya bi shi. Aikinsu shi ne ɗaure duk wani kaya mai nauyi a ƙasa, rodi ne ko bulo ko ƙarfen gini, su rataya shi a bakin ƙugiya, injin ya ɗaga shi sama. A wannan sana'a kam Tsawa gwani ne, ba za a hana shi ba. Shekara goma sha shida yana yin ta. Kallo ɗaya zai yi wa kaya ya faɗi nauyinsa, a auna a tarar bai kauce ba. Amma Allah Ya yi shi da zuciya a kusa, kuma abin da ya fi muni, ya ɗauki zuciyar nan tasa a matsayin baiwa. Cewa yake yi ma'aikaci ba ya motsi sai ya ji ihu, kuma wanda ba a tsoronsa bai zama shugaba ba tukuna.

Ko a gida haka abin yake. Da yaransa sun ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofa sai a rage muryar talabijin, mai wasa ya yar da wasa ya ɗauki littafi ko da a juye ne. Maiɗakinsa ta sha gaya masa cikin raha cewa ranar da ya yi sallama a hankali, baƙo za ta ɗauka an yi. Sai ya yi dariya, don shi a ganinsa yabo ne.

A cikin waɗanda ke ƙarƙashinsa har da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, Auta. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, gemunsa har ya fara furfura, amma a gaban yayansa maganarsa ba ta wuce "To, Yaya." Shi ne ke tsayawa a saman bene yana tarbar kaya, wato duk abin da Tsawa ya ɗaure a ƙasa, ta kan Auta yake bi kafin ya sauka. Mahaifiyarsu ta san da haka. Duk ranar da Tsawa ya je gaishe ta maganarta ɗaya ce, ya kula da ɗaurin nan, ƙanensa ne a ƙarƙashi. Shi kuma sai ya ce mata in dai shi ya ɗaure, ta kwanta ta yi barcinta. Kuma ba cika baki yake yi ba, yana son Auta har cikin ransa.

Injin ƙugiyar kuwa, wanda bai taɓa tsayawa a gindinsa ba ba zai gane ba. Ya fi benen tsawo nesa ba kusa ba. In ka ɗaga kai za ka ga ƙarshensa sai hularka ta faɗi, kuma in gajimare na tafiya sai ka rantse injin ne ke karkatowa kanka. Can a ƙololuwa akwai wani ɗan ɗaki na gilashi, mutum ɗaya yake ci. A nan mai tuƙa injin take zama. E, mace ce, ba ka ji ba daidai ba. Dattijuwa ce siririya, a tashar jiragen ruwa ta koyi aikin wajen mahaifinta, ma'aikata na kiranta Anti ta Sama. Kullum da safe za ta rataya gorar ruwanta ta kama tsanin ƙarfe, taki ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ba waiwaye. Daga can take magana da na ƙasa ta rediyon hannu da ake kira oba-oba, kuma ba wanda ya taɓa jin muryarta ta tashi. Wannan sanyin nata shi ke ƙona ran Tsawa. Yakan ce da shi ne a sama, da an gama benen nan tun bara.

Aikin ƙugiya yana da ƙa'idojinsa. Mutum ɗaya ne ke ba da umarnin ɗagawa da saukewa, shi ne shugaba. Amma tsayar da aiki hakkin kowa ne. Ko mai shara ne ya ga abin da bai kwanta masa ba, ya buɗe hannayensa biyu, dole injin ya tsaya cak, ba a tambayarsa dalili sai an tsaya. Sannan in kaya na da kaifin gefe, akan sa guntun tsohuwar taya tsakanin gefen da bel ɗin ɗauri, don kada ƙarfe ya ci bel. In an gama ɗauri a ɗaga kayan kamu ɗaya daga ƙasa, a riƙe shi minti guda kowa ya duba, kafin a wuce da shi.

Wata rana ana ɗaga damin rodi, sai wani mai walda da ke aikinsa a gefe ya ga kamar ɗaurin na zamewa. Ya buɗe hannu. Anti ta tsayar. Aka sauke, aka duba, ashe ba komai, inuwa ce ta ruɗe shi. Wayyo, mai walda ya shiga uku ranar nan. Tsawa ya tara ma'aikata ya yi masa wankin babban bargo. Ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana ɗauri, ya ce in tsoro yake ji ya koma gida ya taya matarsa tsintar shinkafa, ya kwaikwayi yadda ya buɗe hannu har wasu suka yi dariyar dole. Mutumin nan ya girmi Tsawa da shekaru, amma haka ya tsaya da gilashin walda a hannu, kansa a ƙasa.

Da yamma Anti ta sauko, ta iske Tsawa yana kulle akwatin bel. Ta ce masa, "Shugaba, ni gara a tsayar da ni sau goma a banza. Yau ka rufe hannun mutane." Ya ce mata ta riƙe saman ta bar masa ƙasan. Ta gyara gorarta ta wuce. Daga ranar, wata biyu cur, ba wanda ya sake buɗe hannu a wajen nan, kuma Tsawa ya riƙa nuna hakan a matsayin shaidar aiki ya gyaru.

Sai ga ranar babban ɗagi. Janareto ne mai nauyin tan bakwai za a kai saman rufin, kaya mafi nauyi da aka taɓa ɗagawa a ginin. Tun da sassafe mai benen ya zo da baƙinsa, an ba su hular kwano sun jeru a inuwa. Injiniya ya ce a gama kafin azahar, don iska kan tashi da rana. Tsawa ya kwana da shirin nuna wa manyan nan ko shi wane ne.

Bel huɗu za a sa, ɗaya a kowace kusurwa. Uku sun ɗauru lafiya da tayoyinsu. A ta huɗu sai aka nemi guntun taya aka rasa, wani mai ɗauri da ake kira Dogo ya ruga ɗakin ajiya ya yanko wani. Minti uku bai yi ba, amma Tsawa ya ga baƙi na duba agogo, ransa ya ɓaci. Ya fizgi bel ɗin, ya zagaya kusurwar da shi, ya ja ya ɗaure da kansa yana zagin masu nawa. A cikin fushin nan ya mance sarai da abin da ake jira. Dogo ya dawo da gudu da taya a hannu, ya ga an gama, ya ga wanda ya gama, sai ya ja da baya. Auta da mutum uku da za su tarbi kayan suna wajen. Tsawa ya daka musu tsawa su hau, me suke jira. Suka kama matakala.

Anti ta tambaya ta oba-oba ko kusurwa huɗun duk an sa musu taya, don daga inda take ba a ganin wannan. Tsawa ya ce da hannunsa ya ɗaure, ta ɗaga kawai. Ta ɗaga kamu ɗaya ta riƙe. Ya ce ta wuce, ta ƙi, ta cika mintinta guda daidai. Mutum shida ne tsaye kewaye da janareton a wannan minti. Tsawa yana kallon baƙi, su kuma shidan suna kallon takalmansu. Hannu bai buɗu ba, kaya ya tashi.

Abin kallo ne, wallahi. Ƙarfe mai girman ɗaki yana hawa sama shiru, ba ka jin komai sai ƙugin waya a kan gargare. Ya wuce hawa na uku, ya wuce na shida, inuwarsa ta bi ta kan fili ta hau bango. Baƙi suka daina hira. Hannun injin ya juya a hankali ya kai shi saitin rufin, su Auta suka kama igiyoyin da ke lilo a jikinsa don su daidaita shi. Tsawa ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji.

A nan ne bel na huɗu ya tsinke. Ƙarar ta yi kamar an harba bindiga. Janareton ya sunkuya ta kusurwa ɗaya, ya juya, ya fara lilo a kan mutum huɗu da ba su da wajen gudu sai bakin rufi. Tsawa ya danne maɓallin oba-oba ya shiga ihu, ta sauke, a'a ta ɗaga, Auta ya gudu, Auta ya kwanta. Ita kuwa oba-oba, muddin mutum ɗaya ya danne maɓalli, ba muryar da ke shiga sai tasa. Anti na da abin da za ta gaya wa na saman rufi, amma ihun Tsawa ya toshe hanya. Shekara goma sha shida ya san wannan, ranar nan ya mance.

Mai walda ne ya tako, ya kama babban yatsansa ya ɗage shi daga kan maɓallin. Nan take muryar Anti ta fito, kamar mai aiken yaro kanti.

"Auta, kana ji na? Ku saki igiyoyin. Kada wanda ya yi gudu. Kai da na kusa da kai ku taka zuwa ƙofar matakala. Madalla. Ku biyun can ku tsuguna a jikin bango, ku jira sai na ce."

Tsawa ya tsaya baki buɗe, kansa a sama. Ya san aikin, don haka ya san abin da yake gani ya fi ƙarfin abin da baƙin nan ke gani. Kaya in yana lilo, mai firgita birki yake takawa, birkin nan kuwa shi zai fizgi sauran bel ukun su bi ɗan'uwansu. Ita ba ta taka ba. Da janareton ya yi gabas sai ta bi shi da hannun injin ta tsaya daidai kansa, ya dawo yamma ta sake binsa, kamar uwa tana bin yaro mai koyon tafiya. Kowane zuwa lilon na raguwa. A zuwa na uku ta ce wa mutum biyun su tashi yanzu, suka wuce ta ƙarƙashin inuwarsa suka shige ƙofa. A na biyar ƙarfen nan mai tan bakwai ya tsaya cak a sararin sama, a karkace, rataye da bel uku.

Daga nan ta fara janye shi daga kan benen. Tafiyar da a kullum ba ta wuce minti biyu, sai da ta ci minti goma sha huɗu. Ta zaɓi tudun yashi da ke can ƙarshen fili inda ba kowa, ta riƙa sauke shi taƙi-taƙi. Mutum sun fi tamanin a wajen nan, amma ko tari ba ka ji. Masu kwaɓa siminti sun kashe injinsu, direbobin tifa sun fito sun tsaya, wasu leɓɓansu na motsi da addu'a. Tsawa bai taɓa sanin shiru na iya riƙe mutane haka ba. Da kusurwar ta taɓa yashi, bel suka saki jiki, sai mutane suka riƙa zama a ƙasa duk inda suke, ana ta hamdala.

Ya je gindin injin ya jira ta. Ta sauko yadda take saukowa kullum, amma da ƙafarta ta taɓa ƙasa sai ta zauna daɓas a kan tsakuwa. Ta buɗe gora za ta sha, rabin ruwan ya zube a jikinta. Wannan ya fi komai girgiza shi. Ya tambaye ta, da wata ƙaramar murya da shi kansa bai san yana da ita ba, ashe ta ji tsoro.

Ta ce, "Kamar raina zai fita, Shugaba. Amma da na sa shi a muryata, da shi zan raba musu, su kuma a bakin rufi suke."

Injiniya ya ɗauko bel ɗin ya juya shi. Ba tsufa ya yi ba, sabo ne fil, gefen ƙarfe ne ya yanka shi kamar da wuƙa. Ya tambayi wanda ya ɗaure kusurwar. Tsawa ya ce shi ne, wannan kam bai ɓoye ba. Injiniya ya miƙa hannu ya karɓi oba-obar, ya ce daga yau ba zai sake ba da umarni a ƙarƙashin ƙugiya ba, sauran magana a ofis. A gaban baƙin da ya so ya burge aka yi wannan.

Amma hali ba ya barin mutum a rana ɗaya. Tsawa ya juya kan mutanensa, muryar ta fara dawowa. Ya ce shi ya yi kuskure, ya yarda, to su fa, mutum shida da idanu goma sha biyu, a ce ba wanda ya lura babu taya a wajen? A ransa so yake su ce ba su gani ba, ko ya sami sauƙi. Dogo ya sa hannu a aljihun wandonsa ya fito da guntun tayar, ya ajiye a kan janareton. Tun safe tana jikinsa. Sauran biyar ɗin suka sunkuyar da kai, kuma a fuskar kowannensu Tsawa ya karanta amsa ɗaya.

Ana haka su Auta suka iso daga sama. Igiya ta saɓule masa fatar tafin hannu, ya naɗe da gefen rigarsa. Tsawa ya tare shi, ya dafa kafaɗunsa biyu yana duba shi sama da ƙasa, idonsa ya kawo ruwa. Sai wani tunani ya faɗo masa, ya tuna Auta na tsaye a wajen lokacin da ya ɗaure kusurwar.

Ya ce, "Auta, kai dai ba ka gani ba, ko?"

"Na gani, Yaya."

"Ka gani, kuma ka hau? Ka san a kanka zai bi."

Auta ya dubi hannunsa. Sannan ya ce, "Sau biyu na buɗe baki a bayanka. Na tuna 'ya'yana, na tuna Inna. Amma da na dubi fuskarka, sai na ga tsayawa a ƙarƙashinsa ya fi mini sauƙi a kan in ce maka ka yi kuskure."

Tsawa ya saki kafaɗunsa. Ya zauna a kan yashin kusa da janareton, mutane suka watse suka bar shi a nan.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, halin da mutum ke zuwa da shi wajen aiki yana cikin aikin, kamar yadda gwanintarsa ke ciki. Shugaban da ya sa na ƙasa da shi suka fi tsoron fushinsa a kan tsoron haɗari, ya rufe wa kansa idanun da za su gano masa kuskurensa, kuma kowane gwani yana da ranar kuskure. In wani ya tsayar da kai ya zamana bai yi daidai ba, ka gode masa a gaban mutane, don gobe ya sake tsayar da kai. Sannan riƙe zuciya ba rashin jin tsoro ko rashin jin fushi ba ne. Kowa na ji. Bambancin shi ne wani ya san akwai rayukan da ke rataye da muryarsa, sai ya riƙe abin da yake ji har ya sauke mutane lafiya.